Dambun da Ya Ciyar da Gayya

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a ƙofar ɗaki sai na ji an ce wai an gama noman gonarmu ta bayan gari. Na ce an gama kamar yaya, alhali ban ga an ɗora tukunya ba? Jikokina suka yi ta dariya. Ashe mutum ɗaya aka ɗauka, ya goya jarkar feshi a baya, ya bi kunya-kunya yana watsa wa ciyawa magani, kafin rana ta yi zafi an sallame shi ya hau babur ɗinsa ya tafi. Ko ruwa bai sha a gidan nan ba. Ban ce abin bai yi ba, don ciyawar ta mutu, kuma na san irin azabar da fartanya take yi wa ƙugu. Sai dai tun daga lokacin zuciyata ta tafi can baya ta ƙi dawowa, kunnena yana jiyo min gangar noma, hancina yana jiyo min ƙamshin zogale a cikin madambaci.

A wani ƙauye kusa da Beli aka kai ni aure, cikin shekarun nan da fari ya biyo fari, sojoji na mulki, kaya suka yi tashin da ba mu taɓa gani ba. Duk ranar kasuwar Rogo maigidana zai dawo yana girgiza kai, ya ce abin da ya sayo gishiri da man gyaɗa makon jiya, yau gishirin kaɗai ya iya sayowa. Gidan kuwa baki ne da shi. Ga maigida, ga mahaifiyarsa da muke ce wa Inna, ga ƙannensa, ga 'ya'yan wansa da ya tafi kudu neman kuɗi ya bar mana su, ga ni da goyo a baya. In aka zauna cin abinci, tsakar gida cika take yi kamar ana suna. Amma ban taɓa ganin yaro ya kwana da yunwa a gidan nan ba, kuma wannan aikin Inna ne.

Inna mace ce 'yar gajera, mai kaifin murya, wadda ba ta yabo. Abin da ta fara koya min shi ne, "'Yar nan, ki zagaya bayan gida tukuna kafin ki leƙa rumbu." Bayan gidan kuwa da damina kasuwa ce guda wadda ba a biyan ko kwabo. Zogale ya yi danga, rama da yakuwa suna bin gefen masara, tafasa ta cika juji, lalo da zaƙi-banza sun fito da kansu ba wanda ya shuka su. Ta koya min yadda ake tafasa rama a zubar da ruwan farko, yadda ake matse tafasa har warinta ya fita, yadda ɗan ƙulli na daddawa da barkono suke tayar da tukunya guda. Tuwo ya kwana, da safe ɗumame. Dusa ba a zubarwa, ta masu shanu ce, su ba mu nono. In an matse gyaɗa, man na miya, ƙuli-ƙulin na kwaɗo, ɓawon na hura wuta. Yanzu ina ganin matan jikokina, in babu taliyar leda da dunƙule sai su ce wai babu abin dafawa a gidan, alhali zogale na leƙo su ta saman katanga. Ba laifinsu ba ne, ba su tashi suka ga ana yi ba. Mu kuwa da sautin taɓarya muke tashi, wannan gida ya amsa wa wancan, har kana iya gane hannun kowace mace daga lugudenta.

To, a damina ta uku da zuwana ne kurkunu ya kwantar da maigida. Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, Allah kada ya sa su sani. Tsutsa ce da ake sha a ruwan kududdufi, ta fito ta ƙafa kamar farin zare, ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, mutum ba ya ko iya taka ƙasa. Ta kama shi daidai lokacin maimai, wato noma na biyu, ruwa kuma yana ta zuba. Ƙannensa suka yi iya yinsu, amma ƙanana ne, gonar kuwa babba. Ciyawa ta taso ta shaƙe dawa har ganyenta ya fara yin ɗorawa. Kowa a gidan ya san abin da wannan yake nufi. In gonar nan ta lalace, abincin shekara ne ya tafi.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Ɗanjuma, aminin maigida kuma sarkin samarin unguwarmu, ya yi sallama ya shigo duba shi. Ya ga ƙafa, ya ji labarin gona, ya ce, "Haba, muna raye? Jibi gayya. Zan faɗa wa samarin unguwa, in kira makaɗi. Inna, ku dai ku tanadi abin da za a sa a baki."

Gayya ba a biyan kowa. Ladanta abinci ne, a ci a ƙoshi. Gidan da ya bar 'yan gayya da yunwa kuwa, makaɗi zai saka shi a waƙa, a yi shekaru ana rerawa a dandali, kuma ko sun sake kira ba mai zuwa. Inna ta san haka. Ta shiga ɗakinta ta raba 'yar masarar da ta rage mana gida biyu. Kashi ɗaya muka ɓarza ya zama tsaki, na dambun samarin unguwa. Ɗaya kashin ta zuba a tulu ta liƙe bakinsa da laka, ta ce, "Wannan shi zai kai mu fitar sabon gero. Ko hannu kada wanda ya kai masa."

Ana gobe gayya da la'asar sai ga ɗan aike daga Karaye, wai 'yar Inna da ke aure a can tana kan gwiwa, haihuwar kuma ta zo da gardama. Inna ta ɗauki mayafinta, ta tsaya a tsakar gida tana dubana, ina dubanta. Ban taɓa yin girkin taro ni kaɗai ba. Ta ce, "Kin ga yadda nake yi. Ki yi kamar haka." Ta sa kai ta fita.

Washegari tun da sassafe na jiƙa tsaki, na tsige zogale, na ɗora ruwa. Can sai ganga ta tashi daga bayan gari. Wayyo, wannan sauti! Wanda bai ji gangar noma da sanyin safiya ba, bayan an kwana ana ruwa, ƙasa na ƙamshi, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Har maigida daga kwance na ji yana gyaɗa murya. Ni ma ina tankaɗe ina rausaya kai, ina ganin komai ya tafi daidai.

Sai ga Hajjo ta faɗo gidan ko sallama ba ta ƙarasa ba. Hajjo ƙawata ce, Bafulatana daga rugar da ke hanyar Fulatan, kullum ta gefen gonarmu take biyowa da ƙwaryar nononta. Ta sauke ƙwarya tana haki ta ce, "Ƙawa, tukunya nawa kika ɗora?"

Na ce, "Ɗaya mana, babbar."

Ta ce, "Ɗaya? Kin ga mutanen da ke gonarku kuwa? Samarin ƙauyen gabas sun ji ganga sun taho da fartanyoyinsu, wai sai sun kayar da na unguwarku. Ga yayyena su ma sun bar shanu sun shiga. Daga wannan kan gonar zuwa wancan, baki ɗaya mutane ne!"

Na waiwaya na dubi tsakin da na jiƙa. Abin da na tanada ko rabinsu ba zai isa ba. Maigida ya jiyo mu daga ɗaki, ya kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa. Ya ce, "Ke, fasa tulun nan. In Inna ta dawo ni zan yi mata bayani. Kada a tafi da mu a baki."

Na je har gaban tulun na tsaya. Na dubi lakar da Inna ta liƙe da hannunta, na jiyo yaran gida suna wasa a waje. In na fasa, yau za mu fita kunya, amma kafin gero ya nuna waɗannan yaran za su yi kwanaki ba tuwo. Na dawo na ce masa, "Malam, ka ba ni zuwa azahar. In abin ya gagara, na fasa." Ya ce, "To, Allah ya taimake ki."

Daga nan ban san inda ƙarfi ya zo min ba. Na ce, "Hajjo, nonon nan naki yau ba zai ga kasuwa ba. Ga dusa can buhu guda, ta shanunku ce." Ta yi dariya ta ce, "Da ma wa ya ce miki zan tafi?" Ta ɗaure zaninta ta kama muciya. Muka dama kunun tsamiya da ɗan garin gero da ya rage na kokon yara, muka yi shi ruwa-ruwa, muka zuba masa nono har ya yi kauri ya yi fari. Na tura 'yan matan gida da shi gona a manyan ƙore, na ce su fara jiƙa maƙoshi, abinci na tafe. Da ma so nake in sayi lokaci, kuma cikin da ya sha kunu da nono ba ya yi wa akushi irin wawar farko.

Sannan na taka turmi na leƙa ta saman danga na ƙwala kira, "Jama'a, ku taimake ni! Gayya ta ninka, Inna ba ta nan!" Ai kuwa kamar jira suke. Kafin in sauko daga turmin mata sun fara shigowa. Wannan ta zo da madambacinta, waccan da ƙuli-ƙuli a ƙullin zani, wata da albasa mai lawashi, wata tsohuwa ta kawo 'yar kwalbar man gyaɗa da take ɓoyo tun kaka. Ba wadda ta kawo hatsi, don ba wadda take da na bayarwa a wannan lokaci, ni ma ban roƙa ba. Na ce, "Ganye nake so. Duk zogalen da ke unguwar nan a tsigo min shi, da rama, da tafasa." Yara suka bazu bayan gidaje kamar fara. Cikin ɗan lokaci tsakar gidanmu ta zama kore shar, tabarma-tabarma na ganye, mata sun kewaye suna tsiga suna hira suna shewa.

Itacen da na tanada duk ruwan daren jiya ya jiƙa shi, sai hayaƙi yake ba wuta, idanunmu suka yi ja. Hajjo ta ce a kwaso ɓawon gyaɗa da totuwar masara, muka tura a murhu, muka kama fifita da faifai, wuta ta kama bal. Na raba tsakin nan a madambatai uku. Dambun gaskiya, tsaki ne yake rinjaye, ganye ya bi shi. Ni kuwa na juya abin. Duk mara ɗaya ta tsaki sai na bi ta da zogale cikin hannu biyu, na yayyafa ruwa, na turara, na sauke na murje, na ƙara ganye na sake turarawa, har tsakin ya kumbura ya yi laushi ya shige cikin ganyen. Wani madambacin ya riƙa fitar da tururi ta gindi, muka yagi tsohon zani muka jiƙa muka naɗe shi. A gefe guda mata biyu suna luguden ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri, taɓaryarsu na amsa gangar da ke tashi daga gona, har wata ta kasa haƙuri ta ajiye faifai ta taka rawa biyu. Rama da tafasa muka tafasa muka matse, muka yi kwaɗo cike da babbar ƙwarya, ya sha ƙuli ya sha albasa.

Man gyaɗan shi ne ɗan kaɗan. Na ce kada a zuba shi ɗanye. Na soya shi da albasa har ƙamshi ya cika unguwa, sannan na riƙa yarfa shi a saman kowane akushi da ɗan ganye, yadda duk wanda ya buɗe zai ga yana sheƙi. Maigida ya ɗaga murya daga ɗaki ya ce, "Wai me kuke dafawa ne haka? Ƙamshin nan zai tashe ni tsaye!" Mata suka fashe da dariya.

Rana na kaiwa tsaka muka gama. Na tsaya na dubi akusa da ƙore jere a tsakar gida, ban yarda da idona ba. Maigida ya ce, "Ki bi su. Ni ba ni da ƙafa, ki je ki gano min gonata." Na saɓa goyo na yafa mayafi, muka ɗauki kaya a ka, muka jeru a hanya ɗaya bayan ɗaya, Hajjo a gaba.

Abin da na gani da muka ɓullo ta gindin ɗorawar da ke bakin gonar, har yau in na rufe ido ina ganinsa. Maza a jere sun sunkuya, fartanyoyi na tashi tare suna sauka tare, ƙasa na juyewa baƙa wuluk a bayansu. Makaɗi yana bin su da ganga yana kiran sunan kowa da na ubansa, wanda aka kira sai ya yi ihu ya ƙara wuta. Samarin unguwarmu a dama, baƙi a hagu, kowane ɓangare na son ya riga kaiwa ƙarshen kunya. Gonar da jiya ciyawa ta haɗiye, yau ga dawa tsaye layi-layi tana kaɗawa.

Ɗanjuma ya ɗaga hannu aka tsaya. Suka taho gindin ɗorawa jiki duk gumi da laka, suka wanke hannu, suka zauna ƙungiya-ƙungiya. Ni na koma bayan bishiya na tsuguna ina leƙensu. Aka buɗe akusa. Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai motsin hannu. Can sai makaɗin nan, wani dogo mai bakin tsiya, ya ɗebo dambu a tafin hannunsa ya ɗaga sama yana juya shi ya ce, "Jama'a, wannan dambu ne aka sa wa zogale, ko zogale ne aka sa wa dambu?"

Aka bushe da dariya. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce shi ke nan, na shiga waƙa. Ya kai loma baki, ya tauna, ya sake kai wata, sai ya miƙa wa Ɗanjuma akushinsa ya ce, "Sarkin samari, in akwai ƙari a ƙaro min, kafin waɗannan su cinye." Wani daga cikin baƙin ya ce shi tun da yake zuwa gayya bai taɓa cin dambun da ya yi laushin wannan ba. Suka ci, suka ƙara, suka bi da kwaɗo, har na ga wasu sun jingina da bishiya suna shafa ciki. Ba wanda ya tashi yana waige-waigen akushi.

Da za su koma aiki makaɗi ya rataya gangarsa, ya canza kiɗa, ya shiga waƙa da ni. Ban riƙe duk abin da ya ce ba, na dai ji yana cewa matar mai kurkunu ta aiki zogale ya yi aikin masara. Samari suka amsa masa, suka yi kan sauran ciyawar da gudu. Hajjo ta rangaɗa guɗa a kunnena har sai da goyona ya farka. Ni dariya nake hawaye na zuba, na ja mayafi na rufe fuska. Kafin la'asar sun gama gonar kakaf, har suka ƙetara suka nome 'yar gonar gyaɗar Inna da ba a ma sa su ba.

Na dawo na zayyana wa maigida komai, yana cewa in sake faɗa masa, yaya dawar take, ta kai ina, wane ɓangare ne ya yi nasara. Muna cikin haka, gab da magariba, sai ga sallamar Inna. Ta dawo da albishir, an sauka lafiya, an sami mace. Muka yi barka. Tun a hanya an ba ta labarin yawan mutanen da suka zo, don haka ko mayafi ba ta cire ba ta wuce ɗakinta. Na bi ta a baya na tsaya a bakin ƙofa. Ta durƙusa gaban tulu, ta shafa lakar bakinsa, ta ga yadda ta bar ta haka take. Sannan ta miƙe ta ce, "Akwai abin da ya rage? Tun safe ban ci komai ba."

Sai a lokacin na tuna ni ma ban ci ba, kuma ban ajiye mana ko loma ba. Na kankaro ɗan abin da ya manne a gindin madambaci, na zuba masa sauran ƙuli, na kawo mata a ƙaramar ƙwarya. Ta ci loma ɗaya, ta ci ta biyu, fuskarta ba yabo ba fallasa. Ta ce, "Gishiri ya yi kaɗan." Ta tura min ƙwaryar ta ce in cinye sauran.

Na zauna a gindin murhu ina ci, jikina duk ya mutu. Can sai na jiyo muryarta daga wajen danga, ta ɗaga ta yadda unguwa duka za ta ji, tana magana da tsohuwar da ta kawo mana man gyaɗa. "Kin ji abin da 'yar nan tawa ta yi yau? Ƙauye biyu ta ciyar, har da mutanen ruga, tuluna kuwa ko taɓa shi ba ta yi ba. Ku je ku tambaya ko'ina, daga nan har Karaye, in akwai mai irinta a nuna min!"